Tsalle ya yi ko tafiya? Yadda harshen Karuk ke faɗin motsi

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a sashen nazarin harsuna, ina aji uku. An ba mu aiki mu zaɓi wani harshe da ba na Afirka ba, mu kwatanta aikatau ɗinsa da na Hausa, sai na faɗa kan harshen Karuk na Amurka. A wata tatsuniyarsu na ga kalmar u'árihroov, an fassara ta da cewa ya tafi wajen mafarin kogi. Da na duba ƙamus sai na tarar an ce árih na nufin motsi da sauri, tsalle ko gudu. To wanne ne gaskiya? Tsalle ya yi, ko gudu, ko tafiya kawai? Wannan motsi da sauri kuma, ya haɗa da irin rawar jiki da makyarkyata? Sannan ina kogin yake, tunda ban ga kalmar kogi a jumlar ba? Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Amin, tare da ke. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, don kin sa hannu daidai kan abin da ya sa masana ƙirar kalma suke komawa ga wannan harshe. Idan na fahimce ki, abu uku kike nema: ainihin ma'anar saiwar árih, ko wannan ma'ana ta kai har ga kyarma, da kuma inda mai fassara ya samo kogi a jumlar da ba a ambaci kogi ba. Zan fara da ta ƙarshe, domin idan ita ta warware, sauran biyun ba su da wuya.

Ƙasar da harshen ya tsiro

Mutanen Karuk suna zaune ne a arewa maso yammacin jihar Kalifoniya, a tsakiyar kogin Klamath. Kogin yana tasowa daga kudancin jihar Oregon, ya ratsa duwatsu na tsawon kilomita 400 da ɗoriya, ya faɗa tekun Fasifik. Garuruwan da ake jin sunansu a yankin yau su ne Orleans, wanda su suke kira Panámniik, da Somes Bar, da Happy Camp inda hedikwatar al'ummar take. Kusa da Somes Bar, inda kogin Salmon yake haɗuwa da Klamath, akwai wurin da ake kira Katimin, wanda a wurinsu shi ne cibiyar duniya. Ki ɗauki hoton ƙasar a ranki: kwari ne mai zurfi, ruwa yana gudu a ƙasa, tsaunuka masu daji sun tashi hagu da dama, ƙauyuka kuma sun jeru a 'yan filayen da ke bakin ruwa. Mutumin da ya fito daga gidansa a nan, hanyoyin da ke gabansa ƙidayayyu ne. Ko ya bi kogi ya haura, ko ya bi shi ya gangara, ko ya hau tudu ya bar ruwa a bayansa, ko ya sauka bakin ruwa, ko ya ƙetare.

Waɗannan su ne kusurwoyinsu, kamar yadda gabas da yamma da kudu da arewa suke a wurinmu. Káruk na nufin wajen mafarin kogi, yúruk wajen da ruwa ke gangarawa, máruk kan tudu nesa da ruwa, sáruk gangare wajen ruwa, ithyáruk kuma tsallaken kogi. Sunan da duniya ta san su da shi ma daga nan ya fito, haka sunan maƙwabtansu Yurok da ke zaune ƙasa da su har bakin teku. Su kansu áraar suke ce wa mutum, harshensu kuma araráhih, wato harshen mutane. Kogin yana da lanƙwasa da yawa, saboda haka káruk ba ya tsayawa a arewa ko gabas. Inda ruwa ya juya, shi ma sai ya juya. Wannan ba ya rikitar da kowa a can, don ba wanda ya taɓa ɓacewa game da inda ruwa ya nufa.

Wani abin lura shi ne Yurok da Hupa da Karuk maƙwabta ne masu al'adu kusan iri ɗaya, dukkansu kuma da kogi suke auna wuri, amma harsunansu ba dangin juna ba ne ko kaɗan. Karuk ma ba a tabbatar masa da wani ɗan'uwa ba, sai dai wasu masana suna sanya shi cikin wani babban rukuni da ake hasashe mai suna Hokan.

Mu fasa kalmar

Kafin nan, ga yadda za ki karanta rubutun. Wasali biyu a jere dogon wasali ne. Alamar da ke kan á tana nuna sautin sama, wadda ke kan ô kuma sauti mai faɗuwa, irin wanda muke ji a kalmar yara ko mai na abinci. Mu ma muna da waɗannan duka a baki, ba ma rubuta su ne kawai. Th kamar ث ne na Larabci, x kamar خ, alamar ' kuma hamza ce.

U'árihroov gaɓa uku ce ta ma'ana. U ɗafa-goshi ne, wato ɗafin da ake liƙawa a gaban kalma, mai nuna wanda ya yi aikin, shi ko ita, don harshen ba ya bambanta namiji da mace a nan. Da ɗafa-goshin ni ne ya zo a wurin, da ma'anar ita ce ni na yi, da ɗafa-goshin kun ne, da su suka yi. Árih ita ce saiwa. Roov kuwa ɗafa-ƙeya ne, wato ɗafin da ake liƙawa a ƙarshen kalma, cikakkiyar siffarsa roovu, wasalin ƙarshe yana faɗuwa idan kalma ta ƙare a nan, ma'anarsa kuma daga nan zuwa wajen mafarin kogi. To kin ga kogin. Ba a cikin wata kalma mai zaman kanta yake ba. Suna da kalmar kogi, ishkêesh, amma ba a bukatarta a nan, domin an riga an ɗinke kogin a jikin aikatau. Mai fassara bai ƙara komai daga aljihunsa ba. Sau da yawa ma za ki ga an faɗi abin sau biyu, káruk u'árihroov, kamar yadda mu ma muke cewa ya hau sama ko ya sauka ƙasa ba wanda ya ce mun yi maimaici.

Irin waɗannan ɗafa-ƙeya masu nuna inda motsi ya nufa sun haura 30 a harshen. William Bright ne ya fara tsara su dalla-dalla. Ya soma aiki da dattawan Karuk a 1949 yana ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ƙarƙashin malamarsa Mary Haas, aka buga nahawunsa tare da tatsuniyoyi da jerin kalmomi a 1957. Misalin da aka fi kawowa shi ne na saiwar paath, wato jefa. Zan rubuta su ba alamar karin sauti, don sautin yana matsawa gwargwadon ɗafin da aka liƙa. Paathroov shi ne jefa wajen mafarin kogi. Paathkurih, jefa cikin ruwa. Paathkirih, jefa cikin wuta. Paathfuruk, jefa cikin ɗaki. Paathramnih, jefa cikin mazubi kamar kwando. Ki duba kurih da kirih, wasali ɗaya ne tsakanin ruwa da wuta. Akwai ɗafi na abin da ya shiga ta cikin wani abu mai kama da bututu, akwai na abin da ya sauka kan shimfiɗaɗɗen wuri, har akwai na musamman don shiga ɗakin gumi, wanda maza suke kwana suna turara jiki a ciki.

Haura da hauro

A nan ne nake so ki tsaya sosai, don nan ne aikin kwatancinki zai yi armashi, kuma nan ne Bahaushe ya fi Bature saurin ganewa.

Ɗafa-ƙeyan kogi da tudu tagwaye suke zuwa. Roovu na wanda ya bar nan ya nufi mafari ne. Wanda kuma ya taso daga can ƙasan kogi yana zuwa nan, shi ma ai haurawa yake yi, amma ba za a ce masa roovu ba, raa za a ce. Rupu na wanda ya bar nan ya bi ruwa ya yi ƙasa ne, varak na wanda ya taso daga mafari ya nufo nan. Uraa na mai hawa tudu yana nisa da mu, faku na mai saukowa daga tudu zuwa gare mu. Kath na mai ƙetare ruwa zuwa can, rina na mai ƙetarowa.

Karanta wannan sakin layi da kunnen Hausa ki ji abin da na yi ba tare da na yi niyya ba: haura da hauro, gangara da gangaro, sauka da sauko, ƙetare da ƙetaro. Wannan shi ne aji na shida a tsarin azuzuwan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya fitar a 1960, aikatau mai ƙarewa da o mai sautin sama, wanda ke nuna aikin ya nufo mai magana. Yaron da bai shiga makaranta ba ya san bambancin fita da fito, da kai da kawo, da jefa da jefo. Saboda haka u'árihroov ya haura ne, u'árihvarak kuma ya gangaro. Turanci sai ya tara kalmomi huɗu ko biyar kafin ya faɗi abin da muka faɗa da kalma ɗaya, sau da yawa ma mai fassara yakan gaji ya yar da rabin ma'anar. Har raa ɗin nan, da ake amfani da shi ga mai tasowa daga ƙasan kogi da kuma mai tasowa daga bakin ruwa zuwa tudu, hauro ɗinmu ya ɗauke shi duka biyun.

Amma kada kamannin ya rufe miki ido ga bambancin, don shi ne zuciyar amsarki. A Hausa, hanyar da aka bi tana cikin saiwa. Shig ita ke ɗauke da shiga ciki, fit ita ke ɗauke da fita waje, wasalin ƙarshe kuma ya gaya mana ko an nufo mu. Idan muna son faɗin yadda aka yi motsin, sai mu ƙaro wani abu daga waje: ya shigo da gudu, ya shigo da rarrafe, ya yi wuf ya shigo. Karuk ya juya rabon aikin. A irin waɗannan aikatau, saiwa ita ke faɗin yanayin motsi, ko gudu ne, ko iyo, ko tashi sama, ko tuƙin kwalekwale, ɗafa-ƙeya kuma ya ɗauki hanya da inda aka nufa gaba ɗaya. Ikvip gudu ne, ikxip tashi irin na tsuntsu, ikpuh iyo, vit tuƙa jirgin ruwa, thivruh tafiyar abin da ruwa ya ɗauka, ishkak tsalle. Kowace cikinsu tana iya ɗaukar waɗancan ɗafa-ƙeya, sai ki sami ɗaruruwan kalmomi daga 'yan saiwoyi kaɗan.

Abin da árih ke nufi

Kin ga a jerin nan akwai kalmar gudu daban, akwai ta tsalle daban. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki árih ba gudu ba ce tsantsa, ba kuma tsalle ba ce tsantsa. Abin da ke cikinta shi ne motsi mai kuzari, na wanda ya zabura ko yake tafe da hanzari. Kuma saiwa ce da ake samunta liƙe da ɗafa-ƙeya, shi ke ƙarasa mata ma'ana. Idan aka haɗa ta da ɗafin tashi sama aka sami árihship, zabura ce, mutum yana zaune ya yi zumbur ya miƙe. Idan aka haɗa ta da furuk aka sami árihfuruk, faɗawa ɗaki ne da sauri. Árihrupuk fita ce a guje. A waɗannan wurare tazarar gajera ce, taku ɗaya ko biyu, shi ya sa tsalle ko zabura suke dacewa. Amma idan aka haɗa ta da roovu, tazarar ta zama ta kwana da kwanaki a gefen kogi, ba wanda zai yi wannan da tsalle ɗaya. Sai saurin ya koma hanzarin matafiyi, a wasu wuraren ma ya dusashe har kalmar ta zama tafiya kawai wajen mafari. Ƙamus bai yi ƙarya ba, mai fassara ma bai yi ba. Ƙamus ya ba ki saiwa tsirararta, shi kuma ya ba ki kalmar da tufafinta.

Ina kyautata zaton tatsuniyar da kika karanta ta pihnêefich ce, wato dabbar nan koyote mai kama da dila, wanda matsayinsa a tatsuniyoyinsu ya yi kusa da na Gizo a namu, ga wayo ga kwaɗayi ga wauta. A fitacciyar tatsuniyar tafiyarsa, ya bar gida ya nufi Kahyúras, tafkunan da ke can mafarin Klamath, don ya nemo ishpuk, wasu dogayen ƙwanson teku da suke kuɗi a wurinsu kamar yadda wuri ya taɓa zama kuɗi a ƙasar Hausa. Ƙishirwa ta kama shi a hanya, ya yi ta bin ruwa ruwa na ƙafewa, daga ƙarshe ya faɗa kogi, ruwa ya kwaso shi ya yi ƙasa da shi har teku, sannan ya san dabarar da ya yi ya komo gida. Duk labarin haurawa ce da gangarowa. Mai sauraro ɗan ƙasar, ko da ya rufe ido, ɗafa-ƙeyan aikatau kaɗai sun isa su gaya masa inda pihnêefich yake a kan kogin a kowace jumla, da ko yana nesanta da gida ne ko yana kusantowa.

Akwai wata kalma daga wannan saiwa da nake son ki gani, don tana nuna iyakar lissafin saiwa da ɗafi. Ish, ko ishrih a cikakkiyar siffa, ɗafi ne na sauka ƙasa a tsaya. Da lissafi, árihish ya kamata ta zama dira. Amma a tatsuniyoyi za ki same ta da ma'anar zama wani abu, rikiɗa, a wasu wuraren kuma da ma'anar rera waƙa. Kada wannan ya ba ki mamaki. Mu ma koma ta motsi ce, ya koma gida, amma muna cewa ruwa ya koma ƙanƙara. Zama ta zaunawa ce, amma muna cewa ya zama sarki. Wanda ya dira a wani hali ya zama shi ke nan. Darasin aiki a nan shi ne, duk lokacin da kika fasa kalma, ki koma ki nemi haɗaɗɗiyar a ƙamus, don wani lokaci ta riga ta yi tafiyarta ta bar iyayenta.

Batun rawar jiki

A'a, kada ki kai árih can. Motsi iri biyu ne, kuma harsuna da yawa suna raba su. Akwai motsin da ke ɗauke abu daga wuri zuwa wuri, akwai wanda abu ke yi yana nan inda yake, kamar kyarmar mai zazzaɓi, ko kaɗawar ganye, ko girgizar ƙasa. Duk misalan árih na motsi da na kawo miki na farkon ne, shi ya sa take neman ɗafin da zai faɗi inda aka dosa. Mai makyarkyata ba inda ya dosa. Abin da ya jawo miki shakka, a ganina, kalmar motsi ce da aka yi bayani da ita, don a Hausa da Turanci duka tana rufe nau'i biyun. Muna cewa yaro ya motsa a cikin barci, muna kuma cewa motsa can in zauna.

Idan kuwa a bincikenki kika ci karo da aikatau a Karuk ko wani harshe da aka jera masa ma'anoni irin su motsi da kyarma da kaɗawa a layi ɗaya, ga yadda nake yi. Nakan tuna kalmarmu rawa. Baƙon da ya buɗe ƙamusun Hausa zai ga rawa ta biki, ya ga rawar sanyi, ya ga rawar jiki da ke nufin ɗoki, ya ga haƙori na rawa, ya ga murya na rawa, ya ga rawar kai. Zai iya cewa kalma ɗaya ma'ana shida. Mu kuwa mun san abu ɗaya ne, kai-komo a wuri guda, abin da ke yin rawar ne ke canza fassara. Saboda haka tambayoyin da za ki yi wa kalmar su ne: me ke yin aikin a kowace jumla, mutum ne ko itace ko ƙasa? Akwai ɗafin hanya a jikinta ko babu? Akwai alamar ci gaba ko maimaici? Karuk yana da ɗafa-ƙeya tih mai nuna aiki na gudana, kamar a u'áhootih, yana ta tafiya. Yana da va mai nuna aikin ya auku sau da yawa ko a kan abubuwa da yawa, yana kuma ninka saiwa don nuna maimaici, kamar yadda muke yi a kakkaɗa da tattaka. Ki lura ma kalmominmu na kyarma, makyarkyata da kakkarwa da girgiza, duk ninki ne a jikinsu. Kyarma ba ta yiwuwa sau ɗaya.

Ƙofar da ake shiga da rarrafe

Árih tana da abokiyar tafiya da ke ɗaya gefen, wato voor, motsi a hankali, rarrafe ko jan jiki. Na fi son wannan saiwa a kan duk sauran, saboda abin da ta adana. Kalmar yau da kullum ta shiga ɗaki ita ce vôonfuruk, ta fita kuma vôonupuk. R ɗin ta koma n ne saboda haɗuwa da baƙin da ke biye, irin sauyin da ke mayar da ikyiv, faɗuwa, zuwa ikyíimkurih, faɗawa ruwa, inda v ta koma m. A zahiri dai vôonfuruk rarrafawa ciki ne. Dalili kuwa gidan gargajiya na Karuk, ikrívraam, da katako ake gina shi a kan rami, ƙofarsa kuma 'yar kafa ce zagayayya kusa da ƙasa. Babba da yaro, mai kuɗi da talaka, sai an durƙusa an sa kai ake shiga. Gidaje sun canza, ƙofofi sun yi tsawo, kalmar tana nan da durƙusonta. Haka vôoruraa, hawa bishiya ko wani abu mai tsawo, rarrafe ne zuwa sama, wanda duk wanda ya taɓa hawa giginya ya san gaskiya ne.

To ki haɗa su biyu. Mai ba da labari yana da zaɓi a bakin ƙofa ɗaya. Idan ya ce uvôonfuruk, shiga ce ta lafiya. Idan ya ce u'árihfuruk, akwai magana, ko an biyo mutumin ne ko ya zo da labari mai zafi. Wannan shi ne bambancin ya shiga ɗaki da ya faɗa ɗaki. A irin wannan wuri saurin da ke cikin árih yana nan da ransa, kuma mai fassara da ya rubuta ya shiga kawai ya yi asarar abu.

Abu biyu kuma za su iya sa ki tuntuɓe a ƙamus, bari in ambace su a gurguje. Na farko ɗafa-goshin ip, da ke nufin sake ko komawa, wanda yakan rage ya zama p: uvâaram ya tafi, upvâaram ya koma, galibi gida. Na biyu, wasu aikatau suna canza saiwa gaba ɗaya gwargwadon yawan masu aikin. Vâaram tafiyar mutum ɗaya ce, iyâaram ta mutum biyu, idan jama'a ce kuma sai a koma wata saiwa, ivyih. Idan kika ga ɗafa-goshin kun a gaba kuma saiwar ba ta yi kama da wadda kika sani ba, wannan ne dalili.

Yadda nake koyar da shi, da inda ƙafata ta tsaya

Nakan kawo waɗannan misalai a darasin ƙirar kalma. Shekarun farko jerin ɗafa-ƙeyan nake rubutawa a allo in ce a haddace, sakamakon kuma bai yi kyau ba, ɗalibai suna cakuɗa raa da varak a jarrabawa. Daga baya na canza. Na ja layi da alli a ƙasan aji daga ƙofa zuwa bango na ce wannan kogi ne, ruwa daga ƙofa yake zuwa. Na tsayar da ɗalibi ɗaya a tsakiya a matsayin mai magana, na sa wani ya yi ta zirga-zirga, sauran suna kiran ɗafin da ya dace. Ana cikin haka wata ɗaliba daga baya ta ɗaga murya ta ce, Malam, ai gangaro ne. Wallahi ni kaina ban taɓa haɗa varak da gangaro kai tsaye ba sai ranar, ina ta zagaye ta cikin bayanin Turanci. Tun daga lokacin da Hausa nake fara bayanin, kuma ban sake ganin wanda ya cakuɗa su ba. Ki gwada da abokan karatunki, alli ɗaya ya isa.

Sai dai ki san matsayin mai ba ki amsa. Ni ba ɗan Karuk ba ne, ban sha harshen a nono ba. Daga rubuce-rubuce da muryoyin da aka ɗauka na san shi, kuma kin san bambancin wanda ya koyi Hausa a littafi da wanda ya tashi a cikinta. Yawan saurin da kunnen ɗan harshe ke ji a u'árihroov a wata jumla takamaimai, hukuncinsa na masu harshen ne. Su kuwa sun sha wuya kafin harshen ya kawo yau. Daga 1850 masu neman zinariya suka cika ƙasarsu, aka ƙone ƙauyuka aka kashe mutane, daga baya aka riƙa kwashe yara zuwa makarantun kwana inda ake hukunta mai magana da harshen uwarsa. Zuwa shekarun 2010 dattawan da suka tashi da shi a matsayin harshen farko 'yan ƙalilan ne suka rage. Amma jikokinsu ba su sake shi ba. Ana koyar da shi a makarantun yankin, ana haɗa dattijo da matashi su yini tare ba Turanci, a 2005 kuma aka fitar da ƙamus wanda Bright ya yi tare da Susan Gehr, 'yar al'ummar, shekara ɗaya kafin rasuwarsa. Ƙamus ɗin da ke intanet, Ararahih'urípih, aikin haɗin gwiwa ne tsakanin al'ummar da masana na Berkeley, kuma yana nuna kalma tare da jumlolin da ta fito a ciki da sunan wanda ya faɗe su. Idan kika ɗauki jumla, ki rubuta sunan dattijuwar ko dattijon da ya faɗe ta, haƙƙinsu ne. Kogin ma ya ga sauyi: a 2024 aka kammala rushe madatsun ruwa huɗu da suka tare shi, bayan gwagwarmayar shekaru da Karuk da Yurok suka jagoranta, kifin salmon ya sake haurawa wuraren da ya fi shekara 100 bai kai ba.

Ga aikin naki, shawarata ki tattara duk jumlolin árih da za ki iya samu a ƙamus ɗin nan, ki raba su gida biyu, masu gajeriyar tazara da masu doguwa, ki fassara kowace kai tsaye zuwa Hausa ba tare da kin bi ta Turanci ba. Ki ajiye zabura da faɗawa da yin wuf don na farko. Jumlar da kika tambaya kuwa, idan farkon tafiyar pihnêefich ce, lokacin da kwaɗayin kuɗi ke cinsa, ni zan rubuta: sai ya kama hanya ya haura kogi. Idan kuma a tsakiyar tafiya ta sake fitowa, bayan ya tsaya ya yi wata ɓarnar, sai ya ƙara haurawa ta wadatar. Allah ya ba da sa'a, ki gaishe da malamanki.